Marigayiyar Da Ba Ta Daina Talla Ba

Shafi na 14

Masu cika min waya da "Tomoe ina sauran?", na gan ku duka, har da mai cewa na fiye jan rai. Ba jan rai ba ne. Wannan shafin na fara shi na goge, na sake farawa na sake gogewa, don har yau in na tuna ranar sai tsigar jikina ta tashi.

Sababbin zuwa, ga inda muke. Yayata Chizuru ta rasu a tsakiyar sanyin da ya wuce, ciwon dajin mama ne ya tafi da ita. Sana'arta dillancin intanet ce. Tana da shafi da take rubutu da sunan Mikan, ta yabi kayan wani kamfani, ta saka shuɗin layi a ƙasan rubutun, duk wanda ya danna ya saya sai a ba ta kamasho. Fuskarta ba ta taɓa fitowa ba, hannunta kawai take ɗauka riƙe da kaya. Yaya ta mutu, mun ƙone gawarta, da hannunmu muka tsince ƙasusuwan, amma shafin bai tsaya ba. Kullum da safe sai sabon rubutu ya fito, wai Mikan ta tashi lafiya, garin naman kaza, wato lemar kwaɗi, ya warkar da ita.

Mun tsaya a ranar farko ta Bon, ranar da matattu ke dawowa gida. Ina goge dandamalin ƙofa sai ga baƙuwa da lema da kwalin alewa a hannu.

*

Na zaunar da ita a ɗakin gaba, na juyo mata da fanka, na zuba mata shayin sha'ir mai sanyi. Ta ce sunanta Kawabe Kanae, daga Okayama take. Ba za ta wuce talatin da 'yan kai ba, amma wuyan nan nata duk ya zube.

"Ki yi haƙuri na faɗo muku babu sanarwa," ta ce tana ta sunkuyawa. "Kuma na ga farar fitila a ƙofa. Ashe kun yi rashi bana, ga ni na zo na ƙara muku hidima."

"Ba komai. Yaya aka yi kika gane gidan?"

"A hotunan Mikan-san. Jar hasumiyar bakin teku tana fitowa ta tagarta, da gonar lemon kan tudu. Na yi ta hawa ina dubawa har na ga bishiyar kanyar da ke cikin hotunan."

San ɗin da ta liƙa wa sunan, girmamawa ce a wurinmu.

"To me ke tafe da ke, Kawabe-san?"

Ta riƙe kofin da hannu biyu, ta daɗe tana kallon ƙanƙarar ciki.

"Jibi za a yi min aiki. Irin ciwonta ne da ni. Likita ya ce an gano shi da wuri, in aka cire zan tashi. Amma ina tsoro, tsoro nake ji kamar in mutu tun kafin a taɓa ni. Mikan-san kuma ta ce ita garin nan ne ya tashe ta. Na saya ta layinta, ina sha. Shi ne na ce bari in zo in gan ta da idona."

"In kin gan ta fa?"

"In na gan ta a raye tana taka ƙasa da ƙafarta, a gabanta zan kira asibiti in ce na fasa."

Na san abin da za ku ce. Za ku ce Tomoe mai bakin tsiya, ke da ba kya barin ta kwana, me ya hana ki faɗa mata a take? Na buɗe baki fa. Sai na tambaye ta yaushe rabonta da karanta shafin.

"Yau da safe a jirgi," ta ce, har da ɗan murmushinta. "Ta ce ta ci shinkafa kwano biyu."

To kun ji. In na ce mata Mikan ta mutu tun sanyi, wayarta za ta miƙo min ta nuna min rubutun yau. Ni wace ce a wurinta? Wata mata mai tsumma a hannu. Mikan kuwa kullum da safe tana yi mata magana. Sai na ga babu mafita sai in kamo mai rubutun nan in gurfanar da shi a gabanta, ya faɗa da bakinsa.

Kuma a lokacin na yi imani na san ko wane ne.

"Ki ɗan jira ni," na ce mata.

Yaya Noboru, mijin marigayiya, yana rumfar bayan gida yana fasa itacen da za mu hura wutar tarbar matattu in yamma ta yi. Rana ta take, gyare sai tsala kuka suke kamar za su huda wa mutum kunne.

"Yaya Noboru, ajiye gatarin nan."

"Lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Ka ji wadda ta zo?"

"Na ji an yi sallama."

"Ciwon Yaya ne da ita. Jibi za a yi mata aiki, ta zo ta ga Mikan don ta fasa. Hankalinka ya kwanta?"

Ya ajiye gatarin.

"Ni kuma me ya haɗa ni da..."

"Kada ka raina min hankali! Kai ne kake rubutun nan. Kamasho ya yi maka daɗi, ka ga in ka ce ta mutu ruwa zai ɗauke. Matarka ko shekara ba ta yi da rasuwa ba ka mai da ita 'yar talla. Ba ka ji kunya ba?"

"Tomoe."

"Kada ka kira sunana. Ka wuce mu je ka faɗa mata da bakinka."

"Tomoe, dubi hannun nan." Ya ɗago min tafin hannunsa, duk kanta da tsaga. "Ni da saƙon waya ma sai in yi ta lalube ina danna harafi biyu a tare? Ni zan rubuta wannan?"

"To ka ba wani yana yi maka."

"Kalmar sirrin shafin ma ban sani ba. Na rubuta wa kamfanin dillancin na ce su rufe, matata ta rasu. Suka yi min ta'aziyya mai kyau, suka ce shafin ba nasu ba ne, su talla kawai suke bayarwa. Muddin ana dannawa, a wurinsu shafi yana raye."

"Shi ke nan sai ka naɗe hannu?"

Ya zauna a kan kututturen da yake faskare a kai.

"Da farko na ce ai rubutun ajiya ne. Masu sana'ar suna yi, su rubuta da yawa su jera, na'ura ta riƙa saki da kanta. Na ce in ya ƙare zai tsaya."

"To?"

"Kin tuna guguwar watan jiya? Da ta karya reshen kanyar can?"

"Na tuna."

"Washegari shafin ya ce, jiya iska ta karya min reshen kanyata, na yi kuka." Ya ɗago ido. "Wadda muka ƙone tun sanyi, ina ta san guguwar bazara?"

Na matso kusa da shi.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"In ce miki me? Kullum kafin in hau gona sai na karanta. Muryarta ce, Tomoe. Har sunan da take kirana da shi in na ba ta haushi, mai kan dutse, yana ciki. Tsoro nake ji. Kuma ba na so ya tsaya. Ki zage ni in kina so."

Na so in zage shi ɗin, zagin ya ƙi fitowa.

"Akwai abin da ya fi wannan," ya ce a hankali.

"Me kuma ya rage?"

"Garin naman kazan nan. Ko cokali ɗaya yayarki ba ta taɓa sha ba."

"Ƙarya kake!"

"Shayin sha'ir take zubawa a kofi, ta ajiye gwangwanin a gefe, ta ɗauki hoton hannunta. Na yi mata magana. Ta ce haba mai kan dutse, wa ka taɓa gani ya gwada duk abin da yake talla? Kamashon garin ya fi na komai tsoka, shi ya sa ta riƙe shi. Ita kuwa kin sani, asibiti ta bi har ranar ƙarshe. Nata ne dai aka gano a makare."

Ban ɓoye muku ba, na ji haushin Yaya. A ranar da muka share gida muka jera mata abincin da take so muna jiran ruhinta ya dawo, a ranar na ji da za ta shigo da sai na shaƙe ta. Mace tana kwance ana ɗura mata maganin asibiti a jijiya, tana rubuta wa 'yan uwanta mata cewa gari ne ya tashe ta. Kai, Yaya!

Sai wayata ta yi ƙara a aljihu.

Na sa ta ta riƙa sanar da ni duk lokacin da shafin ya saki sabon abu. Amma da safe yake saki, bai taɓa yi da rana ba. Na ciro ta.

"Karanta," in ji Yaya Noboru.

Na karanta a fili.

"Yau na yi baƙuwa daga nesa. Tana zaune a ɗakin gaba, ta riƙe kofi da hannu biyu. Ta rame kamar yadda na rame a da. Kada ki ji tsoro, ƙanwata, ina gida."

A ƙasa ga shuɗin layin nan, danna nan ki sayi naki.

Na kalli hannunsa, babu komai sai ɓawon itace. Ya kalli nawa.

"Yanzu aka saka shi," na ce. "Yanzu-yanzun nan."

"Shhh."

"Me?"

Ya nuna sama da yatsa.

Tagar ɗakin Yaya tana saitin rumfar, a bene. A sanina tun da ta rasu ba wanda ya shiga ɗakin, labulen ma a sake yake. Gyare suka ɗan lafa, sai muka ji shi.

Tak.

Shiru.

Tak. Tak.

Ƙarar madannin kwamfuta ce, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Yau ce ranar da suke dawowa," in ji Yaya Noboru, muryarsa kamar ba tasa ba.

"Rufe min baki."

"Ba mu ma hura wutar ba tukuna."

"Na ce ka rufe min baki! Tashi mu hau."

Ba jarumta ba ce. Amma akwai mace a ɗakin gaba da wuƙar likita ke jiranta jibi don ta rayu, wani abu a bene kuma yana kiranta ƙanwata. Muka bi matakalar baya. Tun daga tsakiya na fara jin ƙamshin man hannun Yaya, mai ƙamshin ɓawon lemo, wanda take shafawa kafin ta ɗauki hoto.

Na ja ƙofar.

Ɗakin duhu, hasken kwamfuta kawai. A kan kujerar akwai mutum ya ba mu baya, sanye da rigar sanyin Yaya mai ruwan toka, da hular ulun da take sawa lokacin da gashinta ya zube. A wannan zafin.

"Chizuru..." in ji Yaya Noboru, ya durƙushe a bakin ƙofa.

Kujerar ta juyo.

Mama ce.

Mamanmu, da ta ce min za ta ɗan kwanta kafin malamin haikali ya zo addu'a. Tabarau a kan hanci, yatsa ɗaya a miƙe, gumi yana bin wuyanta.

"Ba a koya muku ƙwanƙwasa ƙofa ba?" ta ce. "Kun katse ta."

"Mama..."

"Tana tsakiyar magana kuka shigo."

"Wa ke tsakiyar magana?"

"Yayarki mana."

Na tako cikin ɗakin.

"Mama, ke ce? Duk watannin nan ke ce?"

"Ni me? Ni rubutawa kawai nake. A asibiti da yatsunta suka mutu ba ta iya dannawa, wa ke zaune a gefenta? Ke kina shagonku kina soya kifi. Shi yana gona. Ita take faɗa, ni ina dannawa. Ta koya min komai, har inda ake shiga."

"Wannan a asibiti ne, Mama. Yanzu fa?"

"Yanzu ma haka. In na zauna a kujerar nan na sa rigarta, sai ta fara. Ba na ƙara ko harafi."

"Yaya ta mutu!"

"Kada ki ɗaga min murya a ɗakinta."

"Ke kika fara ɗaukar ƙashinta kika sa a tulu, ina tsaye a gefenki!"

Ta cire tabaran, ta goge shi da bakin rigar. Ko gezau.

"Zo ki gani," ta ce. "Zo mana, ba cizo zan yi ba."

Na matsa. Ta gangara da shafin zuwa inda masu karatu ke ajiye magana. Ga su nan jere, ba iyaka. Ina kwana Mikan-san. Mikan-san yau ma kin ba ni ƙarfi. Mikan-san ki gaida mai kan dutse.

"Kin gani?" in ji ta. "A gidan nan wa ke kiranta? Ke in za ki ambace ta sai ki ce marigayiya. Maƙwabta in sun gan ni sai su sauya hanya, kada in yi musu kuka. Nan ne kaɗai ake ce wa 'yata ina kwana. Nan ne kaɗai ake tambayarta me ta ci."

Yaya Noboru yana durƙushe yana kuka kamar yaro. Ni ma hawayen ya zo, na haɗiye shi, don ba lokacinsa ba ne.

"To shuɗin layin fa, Mama? Kin san mene ne shi?"

"Ta ce kada in taɓa mantawa da shi a ƙarshe. Ta ce rubutu ba shi da amfani in babu shi."

"Kin san me yake yi?"

"Ban tambaye ta ba."

"Sayar da garin naman kaza yake yi! Duk macen da ta karanta ta ga Mikan ta warke, sai ta danna ta saya. Garin da Yaya ba ta taɓa sha ba, Mama. Tambayi mijinta."

"Ni na wanke kofin, ai na sani."

Na juyo daga kwamfutar.

"Kin sani?"

"Gari ne kawai. Wa ya taɓa mutuwa don ya sha gari?"

"Baƙuwar da ke ƙasa za ta mutu!"

Na durƙusa a gabanta na kama gwiwoyinta. Ni da Mama ba mu saba taɓa juna ba, amma ranar na kama.

"Mama, ki saurare ni. Sunanta Kanae. Nata an gano shi da wuri, ba irin na Yaya ba. Jibi za a cire mata ta tashi. Ta ce in ta ga Mikan a raye za ta kira asibiti ta fasa. In ta fasa, badi uwarta ce za ta zauna a kujera irin wannan."

Sai na ga idonta ya sauya. Ta kalli kwamfutar, ta kalle ni.

"Tana da uwa?"

"Ban tambaya ba. Wa ya faɗo daga sama?"

"Shekarunta nawa?"

"Ko arba'in ba ta kai ba."

Can sai hawaye ya gangaro ta gefen hancinta, ta sa hannun rigar Yaya ta share.

"In na faɗa mata, sauran ma za su ji."

"Za su ji."

"Shi ke nan ba mai ƙara gaishe ta."

"Ni zan gaishe ta, Mama. Kullum da safe zan zo mu gaishe ta tare, da sunanta na gaskiya. Na yi miki alkawari."

Ta daɗe tana kallon hasken kwamfutar, kanta a ɗan karkace kamar mai sauraron wani a bayan bango. Sai ta gyaɗa kai. Ni na ɗauka ni take gyaɗa wa.

"To," ta ce. "Ni zan faɗa mata da kaina. Kada ki sa baki, ke bakinki ba shi da linzami."

"Ki cire rigar tukuna."

"Sanyi nake ji."

Hular kawai ta cire. Na bar ta, don na ga na samu babban, ban tsaya jayayya a kan riga ba. Muka sauko, ita a gaba, ni a bayanta, Yaya Noboru yana jan ƙafa a ƙarshe.

Kanae ta miƙe da sauri da ta gan mu, ta sunkuya har kanta ya kusa taɓa gwiwa.

"Ku gafarce ni, na shigo gidan makoki ban ko gaida mamacin ba. In babu damuwa ku bar ni in kunna turare."

Wa zai hana baƙo kunna turare a Bon ɗin farko? Mama da kanta ta ja ƙofar ɗakin ciki. Kanae ta durƙusa gaban teburin da muka shirya wa marigayiya, ta kunna turaren, ta kaɗa wutar da tafin hannu, ta buga ƙaramar ƙararrawar, ta haɗa hannu. Da ta buɗe ido sai ta tsaya a kan hoton Yaya.

"Wayyo. Ashe da sauran ƙuruciyarta."

Na ce a raina, yanzu Mama, yanzu.

"'Yata ce," in ji Mama. Ta durƙusa a gefenta. "Babbar 'yata."

"Sannu, Mama. Rashin lafiya ta yi?"

"Irin naki."

Kanae ta dafe ƙirji.

"Ciwonmu ɗaya da ita," in ji Mama.

Na ɗauka kunnena ne.

"Ciwonku?" in ji Kanae.

Mama ta ɗora hannayenta biyu a kan cinya, ta juya su a hankali. Kanae ta kalli hannun, ta kalli bakin rigar mai ruwan toka, ta sake kallon hannun. Ashe ita bayan sanyi ta fara bin shafin, lokacin da likita ya faɗa mata. Duk hoton da ta taɓa gani da safe, hannun Mama ne a ciki.

"Rigar nan..." in ji Kanae. "Mikan-san?"

"Kin sha hanya, ƙanwata."

"Mama!" na ce.

Ko kallona ba ta yi ba.

"Na ɗauka ba ki kai haka shekaru ba," in ji Kanae tana dariya tana kuka a tare.

"Ciwo yana tsufar da mutum. Amma ga ni." Mama ta nuna hoton da haɓa. "Ita ta yarda suka yanka ta. Ni na ƙi. Ga ta can, ga ni nan."

Muryar da ta yi maganar da ita ba ta Mama ba ce. Har ɗan jan numfashin da Yaya ke yi kafin ta ƙarasa zance yana ciki. Na waiwaya wajen Yaya Noboru ya taimake ni. Yana tsaye a bakin ƙofa ya zuba wa Mama ido, fuskarsa jiƙe, kamar wanda aka dawo masa da abin da ya ɓata. Ba zai ce komai ba, na gane.

Kanae ta kifa goshinta a tabarma gaban Mama.

"Na gode. Na gode. Na san ba a banza na zo ba."

Ta ɗago, ta zuge jakarta, ta ciro waya.

Na yunƙura zan yi magana, sai na ji an damƙe min wuyan hannu. Mama ce. Tsohuwar da murfin kwalba ke gagara, ta riƙe ni har ƙashina yana amsawa. Ta jawo ni ƙasa, ta kawo bakinta saitin kunnena, fuskarta tana yi wa baƙuwa murmushi.

"Sau ɗaya na yarda aka ɗauke min ita," ta raɗa. "Kika buɗe baki, yau ɗin nan zan bi ta. Kin san ban taɓa faɗin abin da ban yi ba."

Na sani. Tun muna yara na sani.

Wayar tana ringi. Aka ɗauka.

"Sashen tiyata ne? Kawabe Kanae ce, mai aikin jibi. Eh. Na kira ne a kan maganar aikin..."

Sai ta tsaya. Ban san me ta gani a fuskata ba. Ta sa tafin hannu ta rufe bakin wayar, ta ɗago jiƙaƙƙun idanunta ta dube ni, ni kaɗai.

Faratan Mama suka nutse a fatata.

"Ke kina gidan, kin ga komai da idonki," in ji Kanae. "In fasa ko?"